Koci ma ba na Bature ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni dan fili. Kullum na bude shafin wasanni sai in ga an kori koci, koci ya ce kaza, sai kuma wasu su taso da fada wai a daina aron Turanci a rika cewa mai horarwa, ni dai dariya abin ke ba ni don shi kansa Baturen aro ya yi, kuma rabi ya ji ya kama gabansa.

Akwai wani kauye a kasar Hangari sunansa Kocs, tun karni na 15 suka yi suna wajen kera keken doki, ana ce masa kocsi szekér, wato keken Kocs. Kafin kalmar ta isa Ingila an yar da keken a hanya an rike "na Kocs" din kawai, shi ne ya zama coach. Wajen 1830 daliban jami'ar Oxford suka lika wa malamin da ke dauko dalibi ya tsallakar da shi jarrabawa wannan suna, daga nan ya fada filin wasa. Wallahi abin da ya fi burge ni, yadda muke furta koci kusan haka dan Hangari ke furta kocsi, sai dai yau a wurinsu mota ake nufi.

Na abincin da Bature ke ce wa goulash kuwa ya fi ban dariya, daga gulyás aka aro shi, kuma a yaren Hangari gulyás fa asalinsa makiyayin shanu ne, abincin shi ne gulyásleves, romon makiyaya mai ruwa-ruwa da nama da dankali da paprika, wato garin jan tattasai. Bature ya zauna ya ce a kawo masa makiyayi faranti daya, sannan abin da ake kawo masa ma nama ne mai kauri wanda su can pörkölt suke ce masa, sunan wani abincin ya hau kan wani kenan.

Af, har biro. László Bíró dan jarida ne a Budapest, babban birnin Hangari, a 1938 ya yi rajistar alkalaminsa, kuma bíró a yarensu alkali ne. Da biro na fara rubuta wasikar nan kafin in kwafe ta a waya. Kowa dai aro yake yi, shi ya sa nake rokon a bar mana kocinmu a shafin wasanni yadda yake.

Naka,
mai karanta ku kullum.