Godiya Ga Shagon Kayan Hoto Da Bai Raina Ƙaramin Ciniki Ba

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ƙi yin godiyar nan a ɓoye. Ni mai ɗaukar hoto ne a wani ɗan ƙaramin situdiyo. Yawancin aikina hoton fuska ne zuwa kafaɗa, sai ƙananan kayan da 'yan kasuwa ke kawowa a ɗauka musu don talla a intanet. Abin da ya kai ni wurinku shi ne neman ƙaramin sofbos mai sauƙin kuɗi, akwatin yadin nan da ake ɗaura wa fitilar filasha don haskenta ya yi laushi. Ciniki ne da ba zai sa mai shago ya tashi tsaye ba, amma ku kun tashi.

Kafin in iso gare ku na sha yawo, na kuma sha takaici. Wani wurin ina cewa "ƙarami" da "mai sauƙi" sai fuskar mutumin ta canza, ya ce da ni araha ba ta ado, ya janyo wani ƙato mai kusurwa takwas, santimita 120. Na ce masa rufin ɗakina a ƙasa yake, in na buɗe wannan ba ni da wurin juyawa. Ya ce to sai haƙuri, ya koma kan wayarsa. A wani shagon kuma aka miƙo mini jakar nan mai sofbos biyu da ƙafafunsu, irin waɗanda ake murɗa wa ƙwan lantarki a tsakiya, na masu ɗaukar bidiyo. Mai sayarwar har rantsuwa ya yi cewa zai hau filasha, alhali ko zoben da za a maƙala wa fitila babu a jikinsa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na intanet. Na tambaye shi irin bakin da zoben yake da shi, wato siffar wurin da yake kama gaban fitila, ya rubuto mini cewa "yana shiga kowace fitila". Babu irin wannan zoben a duniya. A kamfanonin fitila, Profoto da bakinta, Elinchrom da nata, Bowens da nata, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi.

Matashin nan naku mai kula da ɓangaren fitilu bai fara da farashi ba. Cewa ya yi, "Malam, wace fitila kake aiki da ita, kuma me ka fi ɗauka?" Na ce Godox ce ta situdiyo, da kuma ƙaramar filasha ta kan kyamara. Ya ce to an huta, bakin Bowens ne. A nan ya ɗan ba ni labarin cewa kamfanin Bowens na Ingila ya rufe a 2017, amma bakin fitilarsa ya rayu, domin Godox da Neewer da sauran masu kayan sauƙi duk shi suka ɗauka. Wannan ne ma ya sa sofbos mai wannan zoben ya fi yawa, ya kuma fi araha.

Daga nan ya yi abin da ban taɓa ganin an yi wa mai ƙaramin ciniki ba. Ya ciro biyu daga kwali, mai santimita 60 kowane gefe da mai 60 da 90, ya durƙusa ya harhaɗa su, ya ɗaura ƙaramin a kan fitila, ya kira abokin aikinsa ya zaunar da shi a kujera. Ya kunna ƙwan gwaji, wanda ke ci gaba da haskawa a jikin fitila don a ga yadda hasken zai faɗi, ya ce in zuba ido kan inuwar hanci. Da ya matso da akwatin kusa, ƙasa da mita ɗaya, bakin inuwar ya narke, kumatu suka yi sumul. Da ya ja shi baya kamar mita uku, inuwar ta fito da kaifi, ƙyallin goshi ya dawo. Ya ce laushin haske yana bin girman akwatin ne a idon abin da ake ɗauka, don haka ƙarami a kusa ya fi babba a nesa. Ya ƙara da cewa duk lokacin da aka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa, ga shi yadin kansa yana cinye rabin hasken ko fiye. Na san wasu daga cikin waɗannan, amma ban katse shi ba, don daɗin bayanin.

Bai ɓoye mini iyakar kayan ba. Ya ce, "Malam, gaskiya wannan ba zai ɗauke maka mutum daga kai zuwa ƙafa ba, balle iyali guda. Fuska za ta haska, ƙafa ta yi duhu. Ranar da irin wannan aikin ya fara zuwa, ka dawo mu duba babba, ko ka fara da lema."

Sai ya juya akwatin ya nuna mini inda mai araha ke cutar mutum. Ya ɓare farin ƙyallen gaba, ya nuna na biyun da ke ciki, ya ce in babu shi tsakiyar akwatin kan fi gefe haske sosai, musamman da ƙaramar filasha wadda ke harba haskenta gaba kawai. Ya sa na taɓa zoben in ji ƙarfe ne, ya sa na ja ɗinkin aljihunan da sandunan ke shiga, domin nan ne ke fara yagewa. Ya kuma ɗauki hoton farar takarda da yadin a jiki, ya sake ɗauka babu shi, muka kwatanta a bayan kyamara ko yadin yana jefa ruwan ɗorawa ko shuɗi a hasken. Naku bai jefa ba. Ya gargaɗe ni kan ƙwan gwaji na halojin, irin mai wat 150, cewa a ƙaramin akwati zafinsa ba shi da wurin fita, in riƙa kashe shi idan ba ɗauka nake ba don kada ya babbake yadin ciki.

Abin da ya sa na yi shiru ina kallonsa shi ne maganar raga, wadda ake maƙalawa a gaban sofbos. Na riga na ɗauke ta zan haɗa, ya ce in ajiye tukuna. Amfaninta shi ne hana haske watsuwa kan bango, kuma tunda yawancin hotunana a kan farin bango nake yinsu, kuɗin ya fi amfani a kan mariƙin da zai ba ƙaramar filashata damar hawa wannan sofbos ɗin. Mai shago, yaronka ya rage maka ciniki a ranar, amma ya saya maka mutum. Biyan kuɗi da rasit da naɗe kaya duk an yi su ba ɓata lokaci.

Abin takaici shi ne wannan ya zama abin mamaki. Kayan hoto sun cika kasuwa, amma masu sayarwa da yawa ba su taɓa kunna fitilar da suke sayarwa ba. Za ka ga talla an rubuta faɗin akwati, ba a faɗi zurfinsa ba, ba a faɗi bakin zoben ba, ba a faɗi ko yadi ɗaya ne ko biyu ba. Sabon shiga shi ke kwana ciki: ya tara ɗan kuɗinsa, ya sayo abin da ba zai hau fitilarsa ba, ya koma a nuna masa rubutun cewa kaya in sun fita ba sa dawowa.

Roƙona gare ka biyu ne. Ka riƙe wannan matashin da kyau, ka kuma bar shi ya koya wa sauran. Sannan ku manna 'yar takarda a jikin kowane kwali mai ɗauke da sunan bakin zoben, don ranar da ba ya nan.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto