Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya shirya mana hawan Dutsen Kilimanjaro

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba. Amma jiya Talata na kira layin ofishinku sau bakwai ba a ɗauka ba, a na takwas aka kashe wayar gaba ɗaya. Shi ya sa na zo nan, inda kuka tallata mana tafiyar tun farko.

Ni ne na biya kuɗin mutum biyu, ni da ƙanena, Dala 2,300 kowannenmu, ban da kuɗin jirgi. Rasit ɗinku na ranar 9 ga Nuwamba yana hannuna. A takardar da kuka ba mu an rubuta kwana bakwai ta hanyar Machame, da jagora mai lasisi, da tukunyar iskar oksijin, da auna lafiyar kowa safe da yamma. Kun ce abokan hulɗarku na Moshi a Tanzaniya kun san su ciki da bai.

Mun fara hawa ranar 14 ga Janairu. Na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don a ga yawan iskar da ke jininsa, sau ɗaya muka ganta, a daren farko, daga nan aka ce batir ya mutu. A rana ta uku, bayan mun wuce Lava Tower mun sauka zangon Barranco, ƙanena ya fara ciwon kai da tari, ya kasa cin tuwon masarar da aka kawo. Na gaya wa jagoran. Ya dafa kafaɗarsa ya ce kowa ma haka yake yi, ya sha ruwa kawai.

Washegari ya kamata mu kwana a Karanga. Wannan daren shi ne bambancin kwana shida da kwana bakwai, kuma saboda shi muka ƙara kuɗi, domin jiki ya samu ya saba da ƙarancin iska. Jagoran ya ce mu ci abinci mu wuce, wai yanayi zai ɓaci. Muka isa Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, da yamma lis, a tsayin sama da mita 4,600. Daga baya wani ɗan dako ya faɗa mini a ɓoye cewa akwai wani ayarin da ke jiran jagoran a ƙasa.

Da tsakar dare aka tashe mu don hawan ƙarshe. Ƙanena yana zaune a bakin tanti, ya kasa ɗaura igiyar takalminsa, numfashinsa yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Na haska shi da tocila na ga leɓensa ya yi shuɗi. Na ce mu sauka. Jagoran ya ce mun zo daga nesa, saura ƙiris mu taka Uhuru, wato ƙololuwar dutsen, kada mu yi asarar kuɗinmu. Na yarda da shi, kuma wannan yardar tana cina har yau. Ba mu yi awa biyu muna tafiya ba yaron ya durƙushe yana tari da kumfa. Na ce a kawo oksijin, sai ga shi babu ita, an baro ta a ƙasa. 'Yan dako uku ne suka yi ta karɓa-karɓa da shi a cikin duhu, ɗaya daga cikinsu takalmin roba ne a ƙafarsa a wannan sanyin. Allah ya saka musu da alheri. Likita a Moshi ya ce ruwa ne ya taru a huhunsa saboda tsayin wurin, kuma abin da ake yi da zarar an ga alama shi ne a sauko da mutum nan take. Kwana huɗu ya yi a kwance. Na biya Dala 940, na kuma biya kuɗin sauya tikiti da otal wanda ban ma tsaya lissafawa ba.

Tun da muka dawo na rubuta muku, ina jin sau biyar ko shida. Aka ce Oga ya yi tafiya, aka ce ana bincike. Sai ranar 3 ga Maris, ƙarfe 4:10 na yamma, jami'inku ya kira ni. Minti shida muka yi. Ya ce, "Alhaji, ai ƙaddara ce, kuma kun sa hannu a takarda cewa hawa dutse akwai haɗari. Tunda yaron bai mutu ba, a gode wa Allah mana." Na tambaye shi sunan jagoran da lambar lasisinsa. Ya ce shi bai sani ba, su dai sun tura kuɗi can.

Ranka ya daɗe, ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara, kuma kullum ina gode wa Allah da ya bar mini ɗan'uwana. Amma kada a fake da sunan Allah a rufe sakaci. Na sa hannu cewa dutse mai tsayin mita 5,895 yana da haɗari. Ban sa hannu a kan a yanke mini kwana ɗaya ba, ko a bar oksijin a ƙasa, ko a tura mara lafiya sama. Hukumar gandun Kilimanjaro ba ta barin kowa ya hau sai da jagora mai lasisi, saboda baƙo bai san lokacin da ya kamata ya juya ba, jagora ne aka ɗora wa wannan amanar. Idan ya ci amanar, wa zai tuhume shi, tunda ku da kuka miƙa mu hannunsa ko sunansa ba ku sani ba?

Ina neman ku ba ni cikakken sunan jagoran da lambar lasisinsa da sunan kamfanin da ya ɗauke shi, domin in kai ƙara gaban hukumar kula da gandun dajin Tanzaniya, TANAPA. Ku dawo mini da Dala 940 na asibiti da kuɗin kwanan da aka cinye mana. Sannan ku rubuto wa ƙanena takardar ban haƙuri, don har yanzu yana ganin kamar raunin jikinsa ne ya ɓata tafiyar.

Makon jiya na ga sabon tallanku, kuna neman mutum goma sha biyu don tafiyar watan Agusta, da alkawuran nan dai iri ɗaya. Kuna sayar da hawan dutse kamar tafiyar sayayya a Dubai, ga matasan da ba su taɓa jin labarin ciwon tsauni ba. Waye a ofishinku ya taɓa duba lasisin jagora ko da ɗaya? Waye ya tambayi abin da ake biyan 'yan dakon nan, ko kayan da ke kansu ya wuce kilo 20 da doka ta ƙayyade? Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi mai sa ido kan haƙƙin 'yan dako, kun taɓa tambaya ko abokan naku suna cikin tsarinta? Ku janye tallan nan har sai kun iya amsa waɗannan.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau. Idan ban ji daga gare ku a rubuce ba, lauyana zai rubuto muku, kuma rasit da takardun asibiti duk suna wurinsa.

Wassalam,
Abokin cinikinku daga Kaduna