Wasiƙa: Mai Sayen Keken Tsere Ya Daina Tambayar Kilo Nawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan keken tsere na kan kwalta, irin mai tsadar nan da sabonsa kan haura dala 10,000. Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a babbar gasar keke ta Tour de France ta 2024, aka kuma yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, cikin Satumban 2025, karo na farko a Afirka, matasanmu sun fara leƙa wannan kasuwa. Duk wanda ya zo saye tambayarsa ɗaya ce: kilo nawa? Dillalai sun gane lagon, sai su miƙo keke su ce ɗaga da yatsa biyu ka ji. Wannan ɗagawar ce ke raba mutane da kuɗinsu.

Tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa dokar cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Wanda ya haɗa mai kilo 6.2, sai an ɗaura masa ƙarin nauyi kafin alƙalai su bar shi ya tsaya a layi. Kuma abin da ƙafa ke turawa ba keke kaɗai ba ne. Mahayi kilo 70, keke kilo 8, ruwa da takalmi da hular kwano kilo 2, an tashi kilo 80. In an rage kilo guda, an rage kashi ɗaya da kwata ne cikin ɗari. A hawan dutse mai cin minti 30, ribar ba ta wuce daƙiƙa 20 ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil ko hakan ba a samu, don da zarar gudu ya haura kilomita 30 a awa, iska ce ke cinye mafi yawan ƙarfin mahayi. Gorar ruwa mai cin mililita 750 ta fi firam, wato gangar jikin keke, na S-Works Aethos nauyi, wanda kamfanin Specialized ya ce giram 585 ne.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko firam ɗin ya yi daidai da jikin mai shi. Lambar 54 ko 56 da ke manne a jikinsa ba ta isa hujja ba, kowane kamfani da yadda yake aunawa. Awo biyu ne ba sa ruɗi, kuma duka daga tsakiyar gidan kurank, wato ramin da hannuwan feda ke juyawa a ciki, ake ɗaukar su: tsayi zuwa saman wuyan firam, da nisa zuwa gaba, waɗanda jadawalin kamfanoni ke kira sitak da ric. A auna su a keken da mutum ya riga ya saba da shi, a nemi firam ɗin da bai kauce da fiye da milimita 10 ba. Firam ɗin ƙwararru gajeren wuya gare shi, don an yi shi ne domin mai iya kwanciya a kan keke awa biyar. Wanda bayansa bai kai nan ba sai ya tara zobban ƙara tsayi a ƙarƙashin wuyan kan keke, alhali yawancin kamfanoni sun hana a wuce milimita 30 zuwa 40 a kan fok na kabon, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba in an yi shi da zaren kabon, saboda nan ne yake karyewa. In sai ka tara zobba biyar kafin ka ji daɗin zama, firam ɗin ba naka ba ne, komai kyan fentinsa.

Batun kabon kuwa, kada lambobin T700, T800 da T1100 su ruɗi kowa. Sunayen zaren kamfanin Toray na Japan ne, kuma firam ɗaya kan haɗa iri biyu ko uku. Yadda aka jera shimfiɗun zaren da yadda aka gasa su shi ne aikin. Firam mai giram 700 fatarsa a tsakiyar bututu siririya ce ƙwarai, tana jure ƙarfin feda amma ba ta jure duka daga gefe. Keke ya zame daga jingine ya bugi bakin dakali, ko a ɗaure shi da igiyar roba a saman mota ƙirar bas, shi ke nan an samu tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Mai walda ba shi da abin yi da kabon. A hanyoyinmu, firam mai giram 900 zuwa 1,000 ya fi hankali, kuma alminiyam mai kyau, wanda bai fi shi da giram 300 ko 400 ba, ba abin rainawa ba ne.

Kafin a biya, a duba taya mai faɗin nawa firam ke ɗauka; kada ya gaza milimita 32. A duba gidan kurank: wanda ake murɗawa kamar noti, wato BSA ko T47, bakanike na iya kwancewa da sifana ɗaya. Irin da ake dannawa da ƙarfi, BB30 da PF30, in ramin ya kauce ko da ƙanƙani, sai ƙara ta biyo kowane taku, boris ya riƙa mutuwa kafin lokacinsa. Kan keke da aka ƙera haɗe da wuyansa, wayoyin birki suka bi ta ciki, yana da kyan gani, amma ƙarin milimita 10 a tsawon wuya na nufin sayen sabo ɗungurungum da sake ɗura man birki. Mai sayen farko ya ɗauki kai daban, wuya daban, har ya san awonsa.

Galibin abin da ke shigo mana ɗan kwatano ne, don haka a zare fok gaba ɗaya a haska bututunsa da tocila. In an ga zobe ya ci cikin kabon ɗin kamar an zaga shi da wuƙa, a bar shi. A ƙwanƙwasa bututun firam da tsabar kuɗi: lafiyayyen wuri na amsawa ƙwal-ƙwal, inda shimfiɗu suka rabu sai a ji dum. A nemi lambar firam a ƙarƙashin gidan kurank a tantance da kamfanin, don jabun manyan sunaye sun cika kasuwannin intanet. Sai kurank. A Satumban 2023 kamfanin kayan keke na Shimano ya yi kiran a dawo da kurank na Ultegra FC-6800 da FC-R8000, da Dura-Ace FC-9000 da FC-R9100, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, saboda ɓari biyun da aka manne da gam suna iya rabuwa. Irinsu na maƙale a tsofaffin kekunan da ake kawowa. A bi layin mannewar da farce. In akwai tazara ko farin gari na tsatsar alminiyam, kada a hau.

In akwai inda kuɗi ke dawo da riba, to ƙafafu ne, kuma taya ta riga rim. Taya mai laushin fata mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi tsohuwar 23 gudu a kwalta mai kaushi, domin tana haɗiye tsakuwa maimakon ta riƙa tsalle a kanta. Mahayi mai kilo 70 na buƙatar iska wajen psi 60 zuwa 65, psi shi ne awon ƙarfin iska, a taya 28, ko 50 zuwa 55 a taya 32. Al'adar bugawa har 110 don a ji ta yi tauri kamar dutse gudu take ragewa. Tiyub na baƙar roba ya kai giram 100, na TPU, wata siririyar roba kamar leda, wajen 35, kuma wannan ne ragin nauyi mafi arha a jikin keke duka. Taya marar tiyub na son ruwan toshe huji mililita 30 zuwa 40, sai dai a zafin Maris da Afrilu yana bushewa da wuri. A duba shi duk bayan mako shida.

Rim mai zurfin milimita 40 zuwa 50 ya isa kusan komai. Mai 60 ya fi yanka iska, amma in tirela ta gifta ko iskar hunturu ta bugo daga gefe, sai ya fizgi kan keke, abin ya fi tsanani ga marar nauyi. UCI ma ta taƙaita zurfin a milimita 65 a tseren taron jama'a daga 2026. Akwai kuma rim marar ƙugiya a bakinsa, wanda iyakar iskarsa psi 72.5 ce, kuma ba kowace taya ke zama a kai ba. A nan zafin ƙasarmu ya shigo lissafi: ƙarin digiri 20 na ƙara wa taya psi 5 zuwa 6. Wanda ya buga 70 da asuba ya ajiye keke a rana, ya tsallake iyaka bai sani ba, taya kuma na iya fita daga rim. Mu dai mai ƙugiya muke ba da shawara. Haka rim na kabon mai birkin roba: a doguwar gangara irin Hawan Kibo, riƙe birki ba sassautawa na dafa gam ɗin da ya riƙe zaren har bakin rim ya buɗe. Birkin faifai ya raba mutum da wannan, milimita 160 a gaba.

A zaɓi sifok na ƙarfe guda 24, masu noti a waje, yadda in rami ya karkatar da ƙafa za a miƙe ta ba tare da cire taya ba. Sifok na kabon ya karye, sai jiran saƙo daga waje. Hob, wato cibiyar ƙafa, ya kasance mai boris na gama-gari irin 6802 ko 6902, da ake samu wajen masu sayar da boris. Boris na tangaran asarar kuɗi ne a inda ƙura ke shiga ko'ina. A kuma tabbata bakin hob ya dace da giya: giyar kamfanin SRAM mai hawa 12 na son bakin da ake kira XDR, kamfanin Campagnolo na da nasa, ta Shimano mai 12 na hawa tsohon bakin HG.

Giya ba ta buƙatar dogon zance. Tsakanin kayan giyar Shimano samfurin Dura-Ace R9200 da Ultegra R8100 bambancin bai kai giram 300 ba, canjin giyarsu kusan ɗaya ne, kuɗin kuwa da tazara mai yawa. A ɗauki Ultegra ko samfurin 105 da ke ƙasa da shi, a sa rarar a taya da sirdi mai dacewa. Man birkin Shimano na ma'adini ne, na SRAM a kekunan kwalta DOT ne, irin na birkin mota. A zuba wani a gidan wani, robobin ciki su kumbura, birki ya tafi. Sarƙar giya mai hawa 11 ko 12 a sauya ta in ma'aunin miƙewar sarƙa ya nuna kashi 0.5 cikin ɗari, in ba haka ba ta cinye haƙoran giya. Da rani a bar mai mai danƙo, yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa; kakin sarƙa ya fi.

Inda muke roƙon kada a nemi sauƙin nauyi sam shi ne kan keke, wuyansa, karan sirdi da feda, musamman marasa suna. Ragin giram 40 bai kai darajar haƙoran mutum ba. Kabon kuma ba a ɗaure shi da ƙarfin dantse irin na Raleigh da Phoenix. Sai da sifana mai awo: notocin wuya da na karan sirdi galibi Nm 5 ne, Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri, adadin na rubuce a jikinsu, kurank na Shimano 12 zuwa 14, murfin giyar baya 40. A shafa man kabon mai ɗan yashi a karan sirdi, ba giris ba, don ya riƙe ba tare da an matse shi fiye da kima ba. Notoci huɗun gaban wuya a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, har tazarar ta zo yadda kamfani ya ce. Cikin fok na kabon matoshi mai buɗewa ake sawa. Ƙarfen nan mai haƙora kamar tauraro da ake bugawa da guduma na fok ɗin ƙarfe da alminiyam ne, a kabon tsaga shi yake.

Duk mai yin odar keke ya haɗo da ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa guda biyu. An yi shi ne don ya lanƙwashe a madadin firam, kuma yawancin firam kowanne da nasa siffa. Ya ƙara da takalmin birki biyu-biyu, sifok huɗu na kowane tsayi, mahaɗin sarƙa mai dacewa da giyarsa, da faifan birki ɗaya.

Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu masu gyaran keken tsere da masu horar da mahaya,
Jos, Jihar Filato.