Sanarwa: zuwa kallon sanya wa tsuntsaye zobe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar da sassafe masana za su nuna mana yadda ake kama tsuntsayen daji a sa musu zobe. Ragar da ake kama su da ita siririya ce, da ƙyar ido ke ganinta. Tsuntsu na faɗawa sai a zare shi a hankali, a auna fiffikensa da nauyinsa, a maƙala masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Lambar nan ce ke nuna inda ya yi ƙaura in an sake kama shi. Wani malami ɗan Denmak, Mortensen, ya fara wannan aiki tun 1899.

Don Allah kada wanda ya taɓa raga ko tsuntsu, aikin masu lasisi ne. A rage hayaniya, tsoro na wahalar da su sosai. Ku zo da wuri, rana na yin zafi za a naɗe raga.