Wasiƙa zuwa ga aminina likita kan alƙaluman da ake haɗa sinadaran hoton asibiti da su

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in amsa tambayar da ka yi mini, wato wane amfani majiyyaci yake samu daga alƙaluman da muke shafe shekaru muna aunawa a ɗakin gwaji.

Ka fi ni sanin teknitiyam-99m, sinadarin nan mai fitar da tururin nukiliya, wanda kuke yi wa majiyyaci allurarsa kafin ɗaukar hoton ƙashi ko na zuciya. Rabin ƙarfinsa yana gushewa cikin awa 6, don haka ba ya ajiyuwa, sai dai a riƙa tatso shi daga molibdinam-99, wanda ake samu idan an farfasa yuraniyam-235 a wasu tukwanen nukiliya 'yan ƙalilan a duniya. A 2009 tukunyar Chalk River ta Kanada ta tsaya saboda yoyo, a 2010 kuma ta Petten da ke Holan ta shiga gyara, har asibitoci a ƙasashe da dama suka riƙa ɗage gwaje-gwaje. Wannan ƙarancin ne ya sa aka koma kan wata hanya, wadda ita ce a harba furoton, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, daga saikuloturon, na'urar da ke ƙara masa gudu, a kan molibdinam-100, wasu ƙwayoyin biyu da ake kira nutron su fita, a sami teknitiyam kai tsaye.

A nan aikinmu yake shigowa. Yawan abin da za a samu ya danganta ne da ƙarfin da aka harba furoton da shi, kuma dole sai an auna shi mataki-mataki. Mukan jera siraran faifan ƙarfe kamar yadda ake jera fai-fai, harbin ya ratsa su yana rage ƙarfi, sannan mu auna abin da ya samu a kowane ɗaya. A tsakaninsu mukan sa faifan tagulla, wanda an riga an san halinsa, domin ya tabbatar mana da ƙarfin harbin.

Abin da ya fi damuna, aminina, shi ne gurɓacewa. Molibdinam-100 ba ya zuwa tsantsa, kuma sauran nau'o'insa da suka rage a ciki sukan haifar da teknitiyam-96, mai ɗaukar fiye da kwana 4 kafin rabinsa ya gushe, da teknitiyam-95m, mai ɗaukar kusan wata 2. Tunda dukkansu teknitiyam ne, babu wata tacewa da za ta raba su da wanda ake so, kuma duk abin da ya shiga kwalba zai shiga jikin majiyyacinka ya ƙara masa tururin da bai buƙata. Maganin kawai shi ne a tace molibdinam ɗin sosai tun farko, a kuma zaɓi iyakar ƙarfin harbi daidai, wanda ba zai yiwu ba sai da alƙaluma sahihai.

Sakamakon ɗakunan gwaji yakan saɓa wa juna, shi ya sa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana take tara ma'aunai a rumbun bayanai mai suna EXFOR, masana su tantance su, su fitar da waɗanda za a dogara da su. A ganina wannan tantancewar ta cancanci kuɗi da girmamawa kamar sayen sabuwar na'ura.

Ina roƙonka ka rubuto mini yadda jinkirin isowar sinadarin yake shafar jerin majiyyatanku, domin ina so in nuna wa ɗalibaina. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.