Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya: Tiramol a Ƙauyukanmu da Batun Kuɗin Magani

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai da alhazai, iyayenmu mata, 'yan'uwa membobi na cikin Garwa da na ƙauyuka, ga bayanin yadda kwamiti ya tafiyar da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin shige da fice yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar taro. Nan labarin aikin ne kawai.

Faɗakarwa a kan shan ƙwayar tiramol ba ta ba mu wahala ba. Mun tsaya a kasuwar Pitowa ranakun Lahadi, mun je kasuwar shanu ta Adumri, mun zauna da 'yan acaba a inda suke jiran fasinja. Limamai da dama sun amsa roƙonmu sun sa maganar a huɗuba, musamman a makon 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya. Lawanai da jauro-jauro sun ba mu ƙofar gidajensu. Man babur ne da lasifikar aro, shi ke nan abin da aka kashe. Allah ya saka wa kowa.

Sai dai yawon nan ya gyara mana tunani. Da yawanmu mun fita da zaton 'yan iskan gari za mu je yi wa wa'azi. Waɗanda muka tarar masu neman abinci ne: ɗan ƙwadago a gonar auduga, masunci a Lagdo, mai tura amalanke. A Adumri wani dattijo ya saurare mu har muka gama, sannan ya dubi shugabanmu ya ce, "Alhaji, na ji. To ni da sān noman nan, mu biyu muke raba ƙwayar. In na hana shi, kai za ka ja mini garma?" Dariya ta kaure, amma babu wanda ya ba shi amsa.

Maganar shanun nan ba ƙarama ba ce, har Turai ta kai. A 2013 wasu masana sun sanar cewa sun sami sinadarin tiramol a saiwar tafashiya ta ƙasar Kamaru, aka yi ta murna wai itace ne ke yin sa da kansa. A 2014 masu bincike daga Jamus suka bi sawu, suka gano cewa a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ana ɗura wa shanun noma ƙwayar, fitsarinsu da kashinsu su shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. Har ƙasar nomanmu ta sha. Tiramol ɗan gidan su mofin ne, maganin ciwo mai tsanani. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya yarda a wuce 400 a yini. Wanda ake shimfiɗawa a faranti a kasuwa kuwa 200 ne, 225, har 250, yaro ya haɗiye uku da shayi kafin ya fita gona.

Wanda ya fi tsaya mana a rai wani matashi ne daga wani ƙauye a hanyar Ngong. Ya faɗi a gona yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Mahaifiyarsa ta ɗauka iska ce, aka yi turare aka yi rubutu. Wata memba tamu ce ta ga fakitin ƙwayar a aljihun rigarsa, ta ce, "Inna, wannan ba na malam ba ne, mu kai shi likita." Yawan tiramol yana kawo irin wannan faɗuwar mai kama da farfaɗiya. Muka ɗauko shi zuwa birni, ma'aikatan asibiti suka karɓe shi hannu bibbiyu. Suka bayyana mana cewa ba a yanke ta farat ɗaya: gumi ne, zawo, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace, don haka sai an riƙa ragewa a hankali ana duba shi kowane mako. Zuwa uku ƙungiya ta biya masa mota. Na huɗu ya faɗo a tsakiyar damina, asusu ya yi ƙasa, gida kuma ana bukatarsa a gona. Da muka koma bayan kaka, ya riga ya koma ruwa. Mahaifiyar ba ta zarge mu ba. Gyaɗa ta auno mana a kwano, wai ladan wahala. Ni dai na kasa ci.

Daga nan kwamiti ya zauna ya duba ina kuɗin gwamnati yake a wannan sha'ani. A Kamaru doka akwai ta tun 1997 a kan miyagun ƙwayoyi, kwamitin ƙasa na yaƙi da su ma ya girme ta. Ma'aikatar lafiya ta buɗe cibiyoyin kula da masu shaye-shaye da ake kira CSAPA, amma a manyan asibitocin birane suke, mu kuma masu ciwonmu suna bayan kwalta. Shirin lafiya ga kowa, CSU, da aka ƙaddamar a Afrilun 2023, ya ɗauki mata masu ciki da sefa 6,000, ya ɗauki wankin ƙoda da sefa 15,000 a shekara, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu tarin fuka da masu ƙanjamau. Mun gode, matanmu sun amfana. Amma a jerin farkon nan babu mai fama da ƙwaya. Kuma a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Namu ko rabin haka bai kai ba.

Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce ta magajin gari. Dokar Disambar 2019 ta miƙa wa ƙananan hukumomi hannu a kula da ɗakunan shan magani na yankinsu. Muka rubuta wa biyu daga cikinsu muna roƙon abu uku: a tura nas ɗaya daga kowane ɗakin shan magani ya koyo yadda ake kula da mai barin ƙwaya, a ware kuɗin motar waɗanda dole sai sun je birni, a kuma sa likitan dabbobi cikin faɗakarwa. Ɗaya har yau shiru, mun yi sawu huɗu. Ɗayar kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, laifinmu ne: takardarmu ta isa bayan majalisa ta riga ta zauna ta amince da kasafin shekara. Ni ne na riƙe ta mako uku ina jiran sa hannu, ina neman afuwarku.

Akwai saɓani a kwamiti da ya kamata ku sani. Wasu na ganin mu haɗa kai da jandarmomi a kwashe masu faranti daga kasuwa. Wasu, har da ni, mun ga an sha kwashewa, mako biyu su dawo da tsada, mai sha kuma ya sayar da akuyar uwarsa ya saya. Ba mu yanke ba, mun bar wa babban taro.

A shekara mai shigowa za mu kai takardunmu tun kafin ruwa ya ɗauke, kuma muna son dattawa biyu su raka mu, don ana jin kunyar furfura a ofis. Muna kuma kawo shawarar a keɓe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wata don motar marasa lafiya, kada a taɓa shi ko da biki ya taso. Waɗanda ake bi bashin wata da watanni su ga ma'aji kafin taro. Matashin hanyar Ngong ya aiko ta bakin ƙanwarsa cewa yana son sake gwadawa in an gama ɗaukar auduga; muna neman mai babur ɗaya daga cikinku da zai riƙa ɗauko shi ranar Talata.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti