Dariyar Taubashi da Dariyar Ƙeta a Gaban Talabijin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ci mana kusan mako guda a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a nan Tudun Wadan Zariya, wadda har zuwa lokacin da nake rubuta wannan takarda ba a kai ƙarshenta ba.

Mafarin zancen shi ne ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo mana hutun ƙarshen mako daga Samaru, ya same mu a kan tabarma, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba wannan ka gani, aikinku ne na da wasu suka mayar sana'a." Abin da ya nuna mana wani shirin barkwanci ne na talabijin na ƙasar Amurka mai suna Mystery Science Theater 3000, wanda wani ɗan wasan barkwanci, Joel Hodgson, ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a watan Nuwamba na 1988 a wata ƙaramar tasha a birnin Miniyafolis. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa ko ga wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Wasu masana kimiyya masu mugun nufi sun tsare wani bawan Allah a cikin kumbo a sararin samaniya, suna tilasta masa kallon fina-finan da suka fi kowane lalacewa don su ga wanda zai haukata shi, shi kuma ya haɗa wa kansa butum-butumi don su ɗebe masa kewa. Ana sakin fim ɗin, mai kallo yana ganin inuwar su ukun, shi da butum-butumi biyu, a ƙasan allo kamar sun zauna a layin gaba a gidan silima, suna ta jefa magana a kan duk abin da ya gitta, ɗaruruwan maganganu a zama guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne halin masu kallonsa. A shekarun farko tashar da ta ɗauki shirin ba ta kai ko'ina a ƙasar ba, saboda haka masu son shi suka riƙa naɗarsa a kaset na bidiyo suna aika wa juna ta gidan waya, har masu shirin da kansu suka riƙa rubutawa a ƙarshen kowane kashi cewa a ci gaba da yaɗa kaset-kaset ɗin. Da Hodgson ya bar shirin a 1993, shugaban marubutansa, Michael Nelson, ya hau kujerarsa, sai masu kallo suka rabu gida biyu, 'yan Joel da 'yan Mike, suka yi shekaru suna kai ruwa rana a intanet tun tana jaririya, irin yadda samarinmu suke raba dare a kan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila. Tashar Comedy Central, wadda take nuna shirin a lokacin, ta ajiye shi a 1996, masu kallo suka yi ta aika wasiƙu har wata tashar ta ɗauke shi a 1997. Da ita ma ta ajiye shi a 1999, suka yi karo-karo suka sayi shafi guda cur a wata jaridar harkar fina-finai suna roƙon a dawo da shi, amma a wannan karon haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba. Shekara 16 bayan haka, a 2015, Hodgson ya nemi gudummawar jama'a don ya farfaɗo da shi, mutum sama da dubu 48 suka tara masa fiye da dala miliyan 5.7, shirin ya dawo a Netflix a 2017.

A nan majalisarmu ta dare gida biyu, ita ma. Wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce shi bai ga komai a ciki ba sai cin naman mutane da aka shafa wa zuma, kuma mutanen da za su tara miliyoyi don a ci gaba da yi wa wasu dariya, to lallai abin yi ya ƙare musu. Wani matashi da yake sayar da kayan waya a unguwar PZ, wanda ya taɓa fitowa a wani fim ɗin Hausa a matsayin ɗan aike, ya goyi bayansa da zafi. Ya ce, "Baba, ba ku san wahalar da ake sha ba. Tun hantsi muke tsaye a rana har la'asar a kan fitowar da ba ta kai minti biyu ba, janareta ya mutu sau uku, sannan wani ya zauna a inuwa yana shan shayi ya ce aikin banza ne." Na ji maganarsa har cikin raina, kuma ban raina ta ba. Amma ni ina ɗaya ɓangaren, kuma dalilina ya samo asali ne daga abin da idona ya gani a garin nan.

A farkon shekarun 2000, lokacin da kaset ɗin bidiyo yake tashe, akwai wani gidan kallo a bayan layinmu, rumfar langa-langa ce da benci shida da talabijin guda a kan tebur, an rufe ƙofar da buhu. Akwai wani tela da ba ya fashin zuwa, wurin zamansa ƙarshen benci na biyu, kuma rabin masu biyan kuɗin shiga saboda shi suke zuwa. Wata rana aka saka wani fim na sarauta, labarin zamanin yaƙe-yaƙe, sarki ya fito da rawani da alkyabba yana yi wa mayaƙa huɗuba, sai ga ɗan acaɓa ya gitta can bayan fada da fasinja da buhun masara. Tela bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗan leƙen asirin abokan gaba can ya wuce, Jincheng ya hau." Sai da mai gidan kallon ya mayar da kaset baya sau biyu. Shi ne kuma yake lura da jarumin da ya shiga ɗaki da hula zanna ya fito da dara, da likitan da yake ɗora abin awo a kan aljihun riga ya girgiza kai ya ce sai haƙuri, da jinin da kowa ya san tumatirin gwangwani ne aka dama. Ga abin da nake so dattijonmu ya duba: a duk rumfar nan babu wanda ya kai telan nan son fim ɗin Hausa. Ya san sunan kowane ɗan wasa, ya san kamfanin da ya yi kowane fim, kuma ranar da aka saka fim mai kyau ba ka jin ko tarinsa. Wanda bai damu da abu ba ba ya zama ya ƙirga hulunan da ke cikinsa.

Haka abin yake ga masu kallon shirin nan na Amurka, kuma akwai misali guda da ya isa hujja. A 1966 wani ɗan kasuwa a garin El Faso na jihar Teksas ya yi wani fim mai suna Manos: The Hands of Fate da kyamarar da ake wana ta da hannu, wadda ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa 32 a jere kuma ba ta ɗaukar sauti, sai daga baya aka ɗora muryoyi. Fim ɗin ya faɗi warwas, aka manta da shi fiye da shekara 25, har sai da shirin ya tono shi a 1993 ya yi masa tatas. Daga wannan zolaya fim ɗin ya samu masu kallon da bai taɓa samu ba a zamaninsa, kuma da aka tsinci wani tsohon kwafinsa na asali a 2011, jama'a ne suka tara kuɗi aka gyara shi aka sake fitar da shi da hoto garau. A wajenmu kuwa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, fina-finai nawa ne suka ruɓe a kaset, masu kyau da marasa kyau, ba wanda ya adana su? Da a ce dariya za ta sa a nemo su a ajiye, ni da na ce a yi ta yi.

Sai dai dole in ba matashin nan gaskiyarsa a wuri guda, kuma wurin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bahaushe bai rasa tsarin zolaya ba. Muna da wasan taubasai, muna da na jika da kaka, muna da tashe da ake farawa ranar goma ga azumi, inda yara suke kwaikwayon mai rowa da malalaci da gwauro kowa ya yi dariya ya ba da sadaka. Mu Zage-zagi kuma tsakaninmu da Kanawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma tun da cibiyar sana'ar fim a Kano take, ina ganin babu wanda ya fi mu haƙƙin tsokanarta, ko da yake na san wani Bakano zai karanta wannan ya ce hassada ce. Amma kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da iyakar da kowa ya sani ba tare da an rubuta ta ba. Taubashinka zai ce kai bawansa ne, zai kushe tuwon gidanku da tafiyarka, amma ba zai tona asirin aurenka a bainar jama'a ba, ba zai taɓa mahaifiyarka ba, kuma ranar da ka shiga uku shi ne na farko a ƙofar gidanka.

Abin da nake gani a Facebook da TikTok duk lokacin da aka yanko wani ɓangare na fim ɗin Hausa aka saka don dariya ya tsallake wannan iyaka nesa. Mutum biyu ko uku na farko za su yi magana a kan aikin, su ce ga inuwar makirfo a bango, ko ga fassarar Turancin da ke ƙasan allo ta koma wani yare dabam. Daga na huɗu sai a bar fim a koma kan 'yar wasan: aurenta nawa, me ya fito da ita, daga wane gari aka kwaso ta, wa ya saya mata mota. Kafin a jima an kai ga iyayenta da addininta. Wanda ya rubuta irin wannan bai kalli fim ɗin ba, kuma ba ya bukatar ya kalla, domin ba fim ɗin ne a gabansa ba. Su marubutan shirin Amurkan sai sun kalli fim guda sau da yawa, suna tsayar da shi suna rubutawa, kafin su fito da maganar da za ta faɗa daidai kan gaɓa. Ko su ɗin ma ba su tsira ba ranar da suka zarce: akwai daraktan da shi da kansa ya miƙa musu fim ɗinsa don su yi wasa da shi, amma ransa ya ɓaci da suka bar fim ɗin a ƙarshe suka koma kansa. Idan wanda ya kai kansa ya ji zafi, ina ga yarinyar da ba a yi shawara da ita ba?

Saboda haka ina da roƙo ga gidajen talabijin namu na Arewa, ta hannunka. Na tabbata ba za a daɗe ba wani zai kawo irin wannan shiri da Hausa, domin masu iya magana ba su ƙare a ƙasar nan ba, kuma duk wanda ya ga yadda jama'a suke rububin fina-finan Indiya da aka fassara, inda sau da yawa ƙarin gishirin mai fassara ya fi labarin daɗi, ya san kasuwar tana nan tana jira. Idan za a yi, a nemi izinin mai fim a biya shi haƙƙinsa, kamar yadda masu shirin can suke sayen izinin fina-finan da ba su zama na kowa da kowa ba. Satar fasaha ta riga ta durƙusar da 'yan kasuwar fim da yawa, bai kamata a ƙara musu da satar da za a yi musu dariya a kanta ba. A kuma gayyato masu fim ɗin su zauna a bencin, domin na san akwai daraktocin da in aka nuna musu aikinsu na shekara 20 baya, su za su riga kowa faɗuwa da dariya, su kuma ba da labarin yadda aka yi ɗan acaɓa ya shiga fadar sarki, abin da zai amfani yaran da suke koyon sana'ar fiye da lacca goma. Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne a tsaya a kan abin da kyamara ta ɗauka: hula, da jini, da labarin da ya ɓace a tsakiya, da waƙar da ta faɗo ana cikin zaman makoki. Abin da ke bayan kyamara na mai shi ne.

Na faɗi wannan a majalisa daren jiya. Dattijonmu ya ce har yanzu bai gamsu ba, sai ya tambayi malamai tukuna. Matashin kuwa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce idan an fara, shi yana da kwafin fim ɗin da ya fito a ciki, kuma akwai wurin da ya shigo da saƙo ya manta sunan wanda aka aike shi wurinsa, darakta ya bar shi a haka saboda batir ya kusa ƙarewa. Ya yi alkawarin kawo mana shi ranar Juma'a.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.